Sai Kacala Ta Kai Tsayin Auta

"Shaƙiyancinta ne kawai, kin fi kowa sanin 'yarki," in ji mai lambu ga matarsa.

"Ƙwallayen da ke faɗo mana a rufin kwano ma shaƙiyancinta ne, Baban Auta?"

Mai lambu ya buɗe baki, sai wata ta daki rufin, ta gangaro tsakar gida. Farar ƙwallon golf ce, jiƙe da laka, tana warin ruɓaɓɓen ruwa. Magariba ta kawo jiki, ko kaza ba ta motsi.

Zargin da yake wa Auta ba na banza ba ne. Auta 'yar shekara goma ce, kuma babu muryar da ba ta kwaikwaya: tarin mai gadi, tsakin kakarta, har gyaran muryar manajan filin golf ɗin da ubanta yake aiki. Amma muryar da take yi yanzu ta wata tsohuwa ce da ba wanda ya taɓa ji, mai kauri, kamar daga ƙasan rijiya. Tana zaune a lungun ɗaki, gashinta na ɗigar ruwa alhali ba ta yi wanka ba.

Matar ta ɗauki mayafi, ta dawo da malam mai ruƙiyya.

Malam ya zauna ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi kafin yarinyar ta ɗago, idanunta sun yi fari fat. Ya tambayi wace ce, me kuma aka yi mata.

"Tambayi wanzamin can," in ji muryar. "Shi ya aske mana gida."

Mai lambu ya gane da shi ake. Bara manaja ya ce dogayen ciyayin kacala da jemar bakin tafkin fili suna ɓata kallo, a share su, ciyawar wasa ta sauka har ruwa. Shi ya sare, shi ya yi feshi. Daga baya taki ya riƙa gangarawa cikin tafkin, gansakuka ta rufe shi, kifi ya taso ciki sama, kwaɗi suka yi shiru. Da aka ce a gyara, sai ya jera furannin kanti a gaɓar, ja da rawaya.

"Furen tukunya," muryar ta yi tsaki. "A ina zan kwantar da jikokina, a ƙarƙashin kwalliya?"

Malam ya ce ta ji tsoron Allah, yarinya ba ta riƙe adda ba. Aka yi ta ja. Ta nemi yarinyar gaba ɗaya, ya hana. Ta nemi ƙafafunta, ya ƙara ƙarfin karatu har ta yi ƙara. A ƙarshe ta yarda ta fita, amma za ta tafi da muryar Auta, ba za ta dawo da ita ba sai kacala ta kai tsayin yarinyar, kuma kada ƙarfe ya taɓa kacalar.

Auta ta yi atishawa, ta faɗi. Da ta farka ta motsa baki, ba abin da ya fito.

Mai lambu ya roƙi manaja, ya tumɓuke furannin, ya dasa kacala da jema da bado da hannunsa. Ya sari sanda daidai tsayin Auta, kullum yana gwadawa. Damina ta sauka, ruwa ya fara washewa, kwaɗi suka dawo. Gidan dai shiru, uwar har kewar tarin mai gadi take yi. Kacala ta wuce gwiwa, ta wuce ƙugu, ta kai kafaɗa.

Ran nan ya shigo da magariba, babu sandar a hannunsa. Ya zauna a bakin ƙofa bai cire takalmi ba. Da ƙyar ya ce ƙwallon wani babban baƙo ce ta faɗa cikin kacalar, shi kuma yana can wajen ban ruwa, manaja ya tura injin yankan ciyawa.

Matar ta ajiye tsintsiya. Auta na tsaye a bayanta, ruwa ya fara ɗiga daga gashinta.

"Duka suka yanke?" in ji matar.

Ya dubi rufin kwano, ya dubi hannuwansa.

"An dai samu ƙwallon."