Ƙasar Don Eusebio Ta Yi Ƙafa

Da hantsi aka kawo ƙara: an sace ƙasa. Ba fili ba, ƙasa baƙa wuluk, cikin amalanke guda, daga makiyayar Don Eusebio.

Kwamanda ya miƙa wa Sufeto Remedios aikin yana dariya. "Ke da kika yi jami'a, je ki kamo mana turɓaya. In bikin tunawa da matattu ya zo babu ɓarawo, kin koma ba da hannu a titi."

Ta daɗe tana haɗiye irin wannan. Ta gyara hularta ta fita.

A bakin ramin da aka kwashe ƙasar ta lura ciyawa ce zalla, ko tsiro ɗaya mai faɗin ganye babu.

"Me kuka fesa a nan?" ta tambayi Don Eusebio.

"Ni? Ruwan sama kawai, 'yata."

"Don Eusebio, ga jarka can a gindin shinge."

Ya sosa ƙeya. "To, maganin ciyawa ne. Amma ai tun watan jiya."

Remedios ta yi murmushi. Ta san baƙar ƙasa na riƙe maganin nan kamar kaska, sai ƙwayoyin halittar da ke cikinta sun cinye shi a hankali. Duk furen da aka shuka a ƙasar nan sai ya nuna alama. Ta daina bin sawun amalanke, ta koma yawon kasuwa. Abokan aiki suka sa mata suna Sufeto Taki.

Ana jibi biki, kasuwa ta yi ruwan ɗorawa da furannin kai wa kaburbura. Rumfar Don Cirilo ce kaɗai ƙuda ke ciniki. Furanninsa sun tsumbure, ganyen ya murɗe kamar yatsun mai sanyin ƙashi.

"Me ya same su, Don Cirilo?"

"Sabon iri ne, ranki ya daɗe. Haka ake yayi a birni."

"Ƙasar fa?"

"Gadon kakana!"

"Kakanka yana fesa maganin makiyaya?"

Matarsa, Doña Chayo, ta ajiye tsintsiya. "Faɗa mata, sarkin wayo! Kwana nawa na yi ban gasa burodi ba, ka cika min tanda da ƙasa?"

"Don in kashe ƙwari na gasa ta, mata!"

"Ka kashe masu cinye maganin, ka bar maganin," in ji Remedios.

Don Cirilo ya zauna daɓas a kan buhu. "Shanun Don Eusebio ba su san darajarta ba, Sufeto. Na ga tana ƙyalli, zuciya ta ɗebe ni."

Ta tasa shi a gaba har ofis. A ƙofa suka tarar da Kwamanda yana rufe bayan motarsa da sauri, wani murɗaɗɗen ganye na leƙowa.

"Yallaɓai, a ina ka sayi furen kabarin Mamanka?"

Kwamanda ya yi tari. "Araha ya yi min."

"Kayan sata ne, kuma shaida ne. A shigo da su ɗakin ajiya."

Shi da kansa ya yi ta jidar tukwanen furen, tana riƙe masa ƙofa.