Abin da Boram Ta Ɗauka So Ne

A birnin Daegu akwai wata yarinya mai suna Boram. Shekarunta goma sha huɗu, tana aji biyu a ƙaramar sakandare. Ba ta da ƙiriniya, ba ta da rashin kunya. Abu ɗaya ne ya shiga ranta, labaran zane da ake karantawa a waya.

Ta fi son irin waɗanda yayarta Yujin take karantawa. Na manya ne, an rubuta haka a jikinsu. Amma Boram ta leƙa lambar sirrin yayarta, tana shiga da sunanta.

A labaran nan kullum akwai wani saurayi kyakkyawa da ba ya dariya. Yakan bi yarinya duk inda ta je. Yana bincika wayarta. Yana raba ta da ƙawayenta. Idan ta gudu sai ya nemo ta, ya ce, "Ke tawa ce."

Boram tana karantawa har a cikin bas. Sau biyu tana wuce tasharsu ba ta sani ba. Takan ce a ranta, "Ina ma wani zai damu da ni haka."

Babbar ƙawarta ita ce Dahye. Tun firamare suke tare. Dahye gwanar kaɗa piyano ce, kuma saura mako uku ta shiga gasar da ta shekara tana shiri dominta.

Wata rana suna cin abincin rana, Dahye ta kasa taɓa shinkafarta.

Boram ta ce, "Ke kuma lafiya? In ba kya ci, miƙo min ƙwan."

Dahye ta yi ƙasa da murya ta ce, "Kin san Taeo na aji uku? Jiya saƙo arba'in ya turo min. Na ce ya daina, ya ƙi. Har ƙofar gidanmu ya biyo ni."

Boram ta zaro ido. "Arba'in? Kai, Dahye, kin more! Ai wannan shi ne so."

"Tsoro yake ba ni."

"Haka ake farawa mana. Da farko yarinyar ta ji tsoro, daga baya ta gane ba wanda ya kai shi son ta."

"Wace yarinyar?"

"Ta cikin labari."

Dahye ta kalle ta. Sannan ta ce, "Na canza wurin koyon piyano saboda shi, na koma saman shagon burodi na bayan kasuwa. Don Allah kar ki faɗa wa kowa."

Boram ta ce, "To, na ji."

Bayan kwana biyu Boram tana canza takalmin aji zuwa na waje a bakin ƙofar makaranta, sai ga Taeo. Gashinsa ya rufe masa ido ɗaya, fuskarsa a ɗaure. Boram ta ga kamar daga cikin wayarta ya fito.

Ya ce, "Ke ce ƙawar Dahye ko? Ina take zuwa yanzu da yamma? Magana ɗaya kawai zan yi mata. Ko abinci ba na iya ci."

Boram ta tuna alkawarinta. Amma sai ta ce a ranta, wata rana Dahye za ta gode mata. Ta ce, "Ranar Alhamis, ƙarfe biyar. Benen da ke saman shagon burodi, bayan kasuwa."

Ranar Juma'a kujerar Dahye ba kowa.

Da aka tashi hutun rabin lokaci, malamar ajinsu, Malama Yeom, ta kira Boram ofis. Ta rufe ƙofa ta ce, "Zauna."

Boram ta zauna a gefen kujera.

Malama ta ce, "Jiya Dahye ta fito daga darasi, ta tarar da Taeo a kan matakala. Ta ce ya ba ta hanya. Ya riƙe mata hannu. Ta fizge, ta faɗo. Hannunta na dama ya karye. Mai shagon burodi ce ta kai ta asibiti."

Boram ta ce, "Gasar fa, Malama?"

"Babu gasa bana." Malama ta cire tabarau. "Mun kira iyayen Taeo. An hana shi kusantar ta, kuma zai riƙa ganin mai ba da shawara. Da aka tambaye shi wa ya gaya masa wurin, sunanki ya faɗa."

Boram ta fashe da kuka. "Malama, na ɗauka son ta yake yi."

"Dahye ta ce miki tana son ganin sa?"

"A'a."

"Me ta ce miki?"

Boram ta sunkuyar da kai. "Ta ce tsoro yake ba ta."

"To kin ji da kunnenki. Me ya sa ba ki yarda da ita ba?"



Da ta koma gida, ta tarar Malama ta riga ta kira mahaifiyarta. Mahaifiyar tana yanka kabeji, ba ta ɗago ba. Yujin tana tsaye a gefe.

Boram ta ce, "Umma, na yi laifi." Ta faɗi komai, har da lambar sirrin da ta sata.

Yujin ta ce, "Ashe ke ce! Ni ina ta mamakin yadda ake riga ni buɗe sabon babi."

Umma ta ce, "Yujin, ba lokacin wasa ba ne."

Boram ta share hawaye ta ce, "Yaya, ai ke ma kina karanta su. In abin ba kyau, me ya sa yake da daɗi?"

Yujin ta zauna kusa da ita. "Daɗinsa ɗaya da lilon da ke juya mutum sama a wurin wasa. Kina ihu, amma kin san ba abin da zai same ki. Ni in na gaji da mutumin nan na labari, sai in kashe waya in je in sha ruwa. Dahye ina za ta danna ta kashe Taeo?"



Yujin ta ce, "Kuma mai zane ne yake yi masa kwalliya. Ya ba shi dogon gashin ido, ya zuba furanni a bayansa. Cire furannin ki ga abin da ya rage. Mutum ne da aka ce masa a'a, ya ƙi ji."

Umma ta ajiye wuƙa ta ce, "Ni ban san waɗannan zane-zanen naku ba. Abin da na sani, ƙawarki ta ba ki amana. Gobe ki je ki dube ta. Ko ta ƙi yi miki magana, ki je."

Washegari Boram ta je da kimbap, wato naɗin shinkafa da kayan lambu, da Umma ta haɗa. Dahye tana zaune a falo, hannunta a ɗaure har gwiwa.

Boram ta ce, "Ki yafe min."

Dahye ta ce, "Ke kaɗai na faɗa wa zancen Taeo, Boram. Ko Ummata ban faɗa wa ba." Ta juya fuskarta wajen taga. 

Boram ta koma gida tana kuka a hanya.

Ranar Litinin Dahye ta dawo makaranta, amma ba ta iya riƙe alƙalami. Boram ta sayi sabon littafi. Kowane darasi takan rubuta sau biyu, ɗaya nata, ɗaya na Dahye. Idan aka tashi, sai ta ajiye littafin a teburin Dahye ta wuce.

Mako ɗaya ya wuce, Dahye ba ta ce uffan ba. Mako biyu ya wuce. Ranar gasa ta zo ta wuce, wata yarinya daban ta ci. Boram ba ta iya cin abinci a ranar ba.

A mako na huɗu, Boram ta ajiye littafin za ta juya, sai Dahye ta ce, "Ke, zo nan. Wannan bakwai ce ko ɗaya? Rubutunki kamar kaza ta taka tawada."

Boram ta leƙa. "Bakwai ce."

"To jawo kujera ki karanta min sauran. Ni ba zan iya ba."

Boram ta jawo kujera. Ta fara karantawa da sauri. Dahye ta ce, "A hankali mana, ba korar ki ake yi ba."

Gasar bana dai ba ta dawo ba, kuma Boram ba ta taɓa mantawa da hakan ba. Amma ƙawancensu ya dawo, kaɗan-kaɗan.

Tun daga lokacin Boram ta gane cewa wanda yake son ka ba ya sa ka tsoro, kuma idan ka ce masa a'a, yana ji. Idan aboki ya ce maka yana jin tsoro, ka yarda da shi, ka raka shi wurin babba ya faɗa.