Facin da Ya Gyara Gada

A shekarar 2003, lokacin da shari'a ke tashe a Dutse, akwai wani shagon buga takardu mai labule a tsakiya, mata hagu, maza dama. Nan Misbahu mai gyaran kwamfuta ya fara ganin Adawiyya, ma'aikaciyar shagon, ranar da firintarta ta cije. Ta ɗago ta ce, "Sannu da zuwa," ya kusa sakin sukudireba.

A kwamfutarta ya tarar da wani wasan yaƙi na sarakuna da dodanni, irin wanda ake yi bi da bi. Ta gina gari a gabashin kogi. Bawan Allah bai nemi izini ba, ya kafa nasa a yamma. Haka suka yi wata bakwai, ita da safe, shi da la'asar bayan ta tashi. Ta sa wa garinta Kiyawa, ya sa wa nasa Miga, kowa da mahaifarsa.

Sai dai wasan yana da aibu ɗaya. Duk rundunar da ta hau gadar kogin, kwamfuta sai ta daskare. Garuruwan suna kallon juna, ba halin haɗuwa.

Ya bar mata saƙo a kwamfutar: "Sarauniyar Gabas, dawakaina suna bakin gada suna gaishe ki."

Ta amsa: "Su yi haƙuri, Sarkin Yamma. Su bi ta wajen Baba."

Ya bi ɗin, bai ji da daɗi ba. Mahaifinta Malam Barau ya ce, "Ƙato da gemunsa yana wasa da dodanni? Ban ba shi ba."

Ana cikin haka kamfanin wasan ya fitar da faci, wato ƙaramin gyaran da zai daidaita gadar. Zailani, ƙanin mai shagon, wanda shi ma ke son Adawiyya, ya sauko da shi a Kano ya ɗora don ya burge ta. Bai karanta gargaɗin cewa tsohuwar ajiyar wasan, wato duk abin da suka gina, ba za ta ƙara buɗewa ba. Da safe babu Kiyawa, babu Miga. Da ya ga ɓarna, sai ya ce mai gyara ne ya taɓa.

Ta yi kuka sosai, ta rubuta: "In ka gaji da jira, ai da ka faɗa min. Ba sai ka rushe ba."

Abin ya yi wa Misbahu ciwo, amma bai tsaya musu ba. Kwana uku yana yawo a Kano har ya samo tsohon faifan wasan. Ya kwafe ajiyarsu a wata tsohuwar kwamfuta, ya ɗaure ta a bayan babur sai Kiyawa. Ya ari janareton mai aski, ya kunna a zauren Malam Barau. Garuruwan suka dawo cif.

Aka kira Adawiyya. Tana gani ta rufe fuska da mayafi. "Ka yafe min," ta ce.

Tsohon ya matso yana leƙe. "Duk wannan ita ta gina?"

"Ita, Baba. Rijiyoyi ta fara haƙawa kafin ta tara doki ko ɗaya."

Ya juyo ya dubi Misbahu. "Kwana uku kana wahala a kan abin da 'yata ta gina. Turo magabatanka."

Bayan biki da mako guda, ta zauna gaban kwamfutar a ɗakinsu ta ce, "Sa facin nan."

"Wata bakwai fa za mu rasa, Sarauniya."

"Na sani, Sarkina. Amma gadar za ta yi aiki."

Suka adana tsohuwar ajiyar a faifan filofi, suka fara sabo. Yana nan har yau a akwatinta, ko da yake babu kwamfutar da ke karanta shi. Da ta tuna sai ta ɗauko ta nuna wa 'ya'yansu, tana gaya musu cewa dawakanta ne suka fara hayewa. Allah Ya bar su tare, Ya ƙara albarka.