Murfin Bel

Bibiana, maƙwabciyata a Samaru, ita ta fara ba ni labarin nan, kuma a gidanta abin ya faru.

Mijinta Othniel shi ne shugaban ma'aikata a wani kamfanin matsar man gyaɗa a Chikaji. Wata rana da almuru sun zauna cin tuwo, sai dutse ya faɗo kan rufin kwano. Aka leƙa, ba kowa. Kwana bakwai ana haka, kullum rana na faɗuwa. A na takwas 'yarsu Sarah ta saki loma, yatsunta uku na dama suka dunƙule, suka ƙi buɗuwa.

An je asibiti, an yi addu'a a coci, har kowa ya gaji. Daga ƙarshe aka ɗauko wani tsohon malami daga Bomo. Ya yi ta karatu har muryarsa ta dushe. Can Sarah ta ɗago kai, muryar wata tsohuwa ta fito daga bakinta.

"Malam, daina ƙona ni. Tambayi ubanta ina murfin bel."

Othniel ya sunkuyar da kai. Ashe shi ya kwance murfin ƙarfen da ke kan bel ɗin injin, wai yana ɓata lokaci in bel ya zame. Bel ɗin ya kama hannun wani ma'aikaci, Adebayo, ya tafi da yatsu uku. Aka wanke wurin, aka ci gaba da aiki.

"A ƙarƙashin injin nan muke zaune," in ji muryar. "Jinin kan jikokina ya zuba. Uku aka ɗauka, uku zan ɗauka."

"Baiwar Allah, ba yarinya ce ta kwance ba," in ji malamin. "Me zai raba ku?"

"A mayar da murfin. Zan saki biyu. Ɗaya na riƙe, kada ya manta."

"Maigidana, mai kamfanin, ba zai yarda ba," Othniel ya ce a hankali. "Korata zai yi."

Bibiana ta dube shi. "Baban Sarah, a kore ka mana! Da hannun maigidan naka za ta ci tuwo?"

Ya rantse zai mayar. Sarah ta yi atishawa, ta ɓingire da barci. Othniel ya mayar da murfin, aka kore shi. Yatsu biyu sun buɗe, na ukun har yau a lanƙwashe yake.

Washegarin da na ji labarin na hau mota zuwa Sabon Gari, inda ɗana Julius yake da injin niƙa, bel a buɗe, mata na miƙa masara mayafi na lilo. Na kashe injin da hannuna, na zauna kan buhu.

Na ce wa Julius, "Kirawo mai walda ya yi wa bel ɗin nan murfi. Ina nan zaune."