Kiɗan Da Jawad Ya Ɗaure

Duk lokacin da na ji samarin Kasablanka suna gardama a wurin shan shayi, wannan yana cewa ƙungiyar mawaƙan rok ta tsaya a kan kiɗan da aka san ta da shi, wancan yana cewa a'a, ta riƙa sabunta salo, sai in ji raina ya ɓaci. Su hira suke yi. Ni wannan gardamar ce ta ci mini ƙane.

Mu huɗu ne. Ni Abdulhak ina kan ganguna, Hisham yana riƙe da jitar bas mai kaurin sauti, ƙanena Nawfal ke tsara waƙa ya rera, sai Jawad mai babbar jita, wanda ya naɗa kansa shugaba ba tare da kowa ya zaɓe shi ba. A garejin wani bakanike muke gwaji a unguwar Hay Mohammadi. Al'adarmu ita ce kafin a fara, kowa ya kaɗa abin da ya zo masa, wanda ya fito da sabon abu sai sauran su bi shi. Da haka muke samun waƙoƙinmu.

Faifanmu na farko ya fita, waƙa ɗaya a ciki mai suna "Tsatsa" ta ɗan yi tashe, sannan ta kwanta. Nawfal ko a jikinsa, hankalinsa ya riga ya koma kan na gaba. Jawad kuwa ya ɗanɗana tafi, ya ga motocin manyan mawaƙa, idonsa ya rufe.

Abin da ya yi daga nan, shi ya faɗa mini da bakinsa, bayan an gama ɓarna.

Da rana tsaka ya je wurin Si Bushta, wani boka da ke zaune a cikin tsohon ramin gasa farar ƙasa, can bayan gari. Bangon ya yi baƙi ƙirin da hayaƙi. An rataye kawunan awaki a jere, an cusa wa kowanne tsumma a kunne. Ko ƙuda ba ya kuka a wurin. Tsohon ya miƙa masa gurasa da romon da babu gishiri, don aljanun wurin ba sa son gishiri, ya tsaya a kansa har ya cinye.

"Me ka kawo?" in ji Si Bushta.

Jawad ya ajiye kaset ɗin asali na "Tsatsa". Ya ce, "Sidi, so nake duk kunnen da ya ji wannan ya kasa rabuwa da shi."

"Abu mai sauƙi. Amma abin da aka ɗaure ba ya motsi. Yadda kiɗan nan yake yau, haka zai zauna a hannun duk wanda ya taɓa shi."

Jawad ya yi dariya. "Ai abin da nake roƙon yaran nan ke nan kullum. Masu sauraro ba sa son canji."

"Ban gama ba. Wanda ya kauce daga cikinku, za a karɓi abin da ya kauce da shi."

"A karɓa kamar yaya?"

"Ka zo sayayya ne ko tambaya? Kuma ranar da ka buɗe baki ka faɗa wa wani, abin da aka ba ka zai koma inda ya fito."

Wallahi da mutum ne mai tsoron Allah, nan zai ɗauki takalmansa. Jawad ya ce ya yarda. Tsohon ya zaro zaren kaset ɗin kaf, ya nannaɗe shi a wuyan baƙin bunsuru, ya yanka shi ta kan zaren. Ya tara jinin a tulu, ya jefa zaren ciki, ya sa Jawad ya tofa yawu, ya liƙe bakin da kakin zuma. Jawad ya ce a lokacin ya ji waƙar tana tashi daga cikin tulun, ƙasa-ƙasa.

Ba a daɗe ba "Tsatsa" ta dawo kamar gobara. Tasi, gidan aski, gidan biki, ko'ina ita ce. Muka yi faifai na biyu da na uku, duk tsari ɗaya, bugu ɗaya, sai dai a canza kalmomi. Jawad ya soke al'adarmu ta gareji, ya ce wasan yara ne. Ya sayi mota da gida a bakin teku, ya auri Zubida, ya fara sa tabarau a cikin ɗaki. Mu ma mun samu, ba zan yi ƙarya ba, amma na gaji da gangunana har ba na son ganinsu.

Hisham ne ya fara. Wata rana muna gwaji, gajiya ta sa ya ƙara ɗan ado a kiɗansa, abin da bai fi ƙiftawar ido ba. Ya ɗago yana yi mini murmushi. Sai yatsunsa suka ƙanƙame, jini ya zubo masa ta kunne, ya faɗi kan jitarsa. Likita ya ce jijiya ce ta fashe a kai. Jawad ya yi kuka a maƙabarta fiye da uwar mamacin, sati na zagayowa ya ɗauko wani ya koya masa bugun Hisham daidai.

Sai Zubida. Ta saba rera waƙar mijinta tana girki, tana jan ta yadda ta ga dama. Wata safiya ta fara ba ta daina ba. Ba ta ci, ba ta amsa sallama, sai "Tsatsa" daga farko zuwa ƙarshe, ta sake komawa farko. Iyayenta suka zo suka tafi da ita tana rerawa.

Duk wannan Jawad yana gani, kuma ya san dalili.

Ana nan Nawfal ya zo sitidiyo da gimbiri, molon nan na 'yan Gnawa masu kiɗan bori, ya ce ya tsara sabuwar waƙa da za ta haɗa shi da jita.

Jawad ya ce, "Ajiye wannan ƙwaryar. Mu ba 'yan bori ba ne."

"Kai kuma ba makaɗi ba ne, injin kwafi ne," in ji Nawfal. "Shekara nawa muna tauna abu ɗaya kamar raƙumi?"

"Mutane shi suke so."

"Mutane sun so shi ne don sabo ne a lokacin, jaki! Ko ka manta wa ya tsara shi?"

"Na ce a'a."

"To ba ni dalili. Dalili ɗaya, in ajiye."

Ina tsaye ina kallon Jawad. Na ga bakinsa ya motsa, na ga zufa a goshinsa. Ya dubi Nawfal, ya dubi makullin motarsa a kan tebur. Sannan ya ce, "Yi yadda ka ga dama." Ya fita ya ja ƙofa.

Nawfal ya juyo yana dariya. "Yaya, hau gangunanka. Kada ka buga tukuna, saurara ka ji inda za ka shigo."

Ya fara. Ban taɓa jin abu mai daɗi irin wannan ba, har na ji hawaye. Ya gama baiti na farko, ya ja numfashi zai shiga na biyu, sai muryar ta tsaya masa a maƙogwaro. Ya dube ni yana nuna wuyansa. A hannuna ya cika.

Ranar sadakar uku Jawad ya ja ni gefe, ya durƙusa ya zayyana mini komai. Yanzu! Yanzu da ƙasa ta rufe yaron! Na shaƙe shi sai da mutane suka ɓamɓare ni, kuma har yau ban yi nadama ba.

Tun daga ranar kunnen gari ya juya masa baya. Duk inda aka sa "Tsatsa" sai a ce a kashe. Gidan ya tafi, motar ta tafi. Yanzu yana zaune a bakin tashar jirgin ƙasa, yatsunsa suna kaɗa iska, bugu ɗaya, har fatar ta tsage. Idan na wuce ba na ba shi ko sisi.

Ku masu kwaɗayin a tafa muku har abada, ku ji da kyau. Duk wanda ya ce zai tsayar muku da duniya wuri ɗaya, da ran 'yan'uwanku zai tsayar da ita, kuma ku ne za ku miƙa masa su. Jawad ya sami damar ceton ƙanena da magana ɗaya, ya zaɓi mota. Ni kuma an bar ni da rabin waƙa, kuma babu mai rai da ya san yadda baiti na biyu yake.