Katin Muttaƙa

Talata da hantsi Maikano ya shigo komisariyar 'yan sandan Ƙonni riƙe da wuyan rigar wani mutum.

"Ga ɓarawon injin ban ruwana. Kwana ukku ke nan garkata ba ruwa. Baƙo ne, ko takarda ba shi da ita. A maishe shi ƙasarsu."

Insifekta Abarshi ya dubi mutumin.

"Sunanka?"

"Muttaƙa, ranka shi daɗe. Daga Zamfara. 'Yan bindiga sunka ƙone garinmu. Don Allah kar a maishe ni, iyalina na nan."

"Ina katinka na gudun hijira?"

Muttaƙa ya saci kallon Maikano, ya sunkuyar da kai. Sai da aka fitar da Maikano waje ya iya magana.

"Shi ne mai masaukina. Ran da na sauka na ba shi ajiya, kamar yadda baƙo ke yi. Da na ce zan koma aiki Malbaza, sai ya ce bai taɓa ganin wani kati ba."

Abarshi ya sa su duka a mota, sai garka.

Albasa tsaye take, kore shar. Abarshi ya durƙusa ya tura yatsa cikin fangali, ya fito da laka.

"Maikano, kwana nawa ka ce?"

"Da guga munka ba ta."

"Fangali ɗari biyu da guga? Kai da wa?"

Abarshi ya bi shatin tiyo a ƙasa har gindin wani tarin kara, ya ture da ƙafa. Ga inji, yana warin mai.

Zufa ta karyo wa Maikano. Ya ɗaga hula zai share goshi, sai wata leda ta faɗo. Kati ne a ciki, da hoton Muttaƙa.

"Cirar albasa ta matso," in ji Maikano. "In ya tafi, wa zai yi min? Tsoro kawai niso in ba shi."

Aka sa masa ankwa, aka tura shi mota.

Abarshi ya miƙa wa Muttaƙa katin. Muttaƙa ya ja da baya, ya kasa karɓa.

"Naka ne. Da wannan babu mai korarka. Kuma daga yau, ko ni na ce ka ba ni ajiya, kar ka yarda."

Muttaƙa ya karɓa da hannu biyu.