An Goge Jitata Daga Faifai

Kofin shayin ya suɓuce daga hannuna ya tarwatse a tsakar kicin.

"Nuala! Lafiyarki kuwa?" in ji Mama.

Ko kallonta ban yi ba. Hankalina duka yana kan rediyon da ke saman kabad.

Waƙata ce.

Waƙar da na rubuta, wadda ni da saurayina Fintan muka je har Dublin muka ɗauka wata biyu da suka wuce. Jitata ta katako ce ke buɗe ta ita kaɗai, a hankali, kamar mutum na hira da zuciyarsa. Sai can jitar lantarkin Fintan ta faɗo da kuka, su yi ta amsa wa juna har ƙarshe...

Amma babu jitata.

Fiyano aka saka a gurbinta!

Mai gabatarwa ya shigo da fara'arsa: "Sabon faifan salon kiɗan bulus ke nan daga 'yan garinmu Cork, aikin Fintan Cronin da Concepta Lucey. Ƙarfe shida na yammacin yau jirgi zai ɗauke mana su zuwa Landan."

Concepta. Mai buga wa ƙungiyarsu fiyano, ƙanwar manajansu, wadda ba ta taɓa kallon Fintan ta ɗauke ido da wuri ba.

Baba ya naɗe jaridarsa. Shekara talatin yana sauke kaya a tashar jiragen ruwa, bai iya lanƙwasa magana ba.

"To, kin ji da kunnenki, yarinya. Haka makaɗa suke."

"Fintan ba haka yake ba..."

"Mako uku yau. Ya leƙo ki?"

Bai leƙo ba. Wasiƙa biyu na aika, ko layi ɗaya bai maido mini ba.

Na figi rigar ruwata.

"Idan kika fita ƙofar nan..." Baba ya fara.

Ban tsaya jin sauran ba.

Tun daga unguwarmu ta Shandon nake gudu cikin yayyafi, na tsallaka gada, na kutsa lungun bayan gidan burodi inda su Fintan suke gwajin kiɗa. Motarsu na tsaye baki buɗe. Mossie mai ganga, ƙato mai jan gemu, shi ya fara hango ni.

"Wayyo Maryamu! Fintan, fito, ga ajalinka nan a jiƙe!"

Fintan ya fito rungume da lasifika. Ya rame. Gashinsa ya rufe masa ido ɗaya, wuyan kwalbar da yake goga wa tsirkiya na maƙale a ƙaramin yatsansa.

Zuciyata ta buga. Na tsani yadda ta buga.

"Me kika zo yi?" ya ce.

Ni yake tambaya!

"Na zo in ga fuskar ɓarawo kafin ya hau jirgi."

Ya dire lasifikar da ƙarfi.

"Ɓarawo? Ke kika ce a cire!"

"Ni?"

"Ke! Kika ce a goge jitarki, a goge sunanki, ba kya son a haɗa ki da ɗan tasha irina. Sau biyu na zo ƙofarku, Nuala. Sau biyu babanki yana ce mini kin ce ba kya son ganina."



"Ban san ka zo ba... Wasiƙuna fa?"

"Waɗanne wasiƙu?"

Mossie ya daina dariya. A hankali ya juya ya kalli ƙofar, domin kowa ya san wa ke karɓar wasiƙun ƙungiya.

Concepta na jingine a wurin cikin farar kwat, ko ɗigon ruwa bai taɓa ta ba.

"Sannu, 'yar uwa," ta ce da murmushi. "Kin jiƙe kamar kyanwa."

"Wa ya ce miki in an cire jitata ina so?"

"Kada ki yi mini ihu. Tambayi babanki. Bayan coci ya tare ni, ya ce in yi duk abin da zan yi in raba 'yarsa da wannan harka. Na taimaki dattijo, laifi ne?"

"Kika ce mini da bakinta ta gaya miki!" in ji Fintan.

"Haba, Fintan, masoyi. Landan fa za mu. Wa zai biya kuɗin ƙofa don ya ga 'yar ƙauye da akwatin katako a cinya? Wuta suke so. Ƙara suke so. Ni na san abin da zai kai ka sama, ita kuwa ƙafarka za ta riƙe."

Fintan ya hau motar, ya sauko da jitarsa, ya dawo ya ɗauki lasifikar.

"Me kake yi? Jirgi ƙarfe shida ne!" in ji Concepta.

"Ki gaishe da mutanen Landan."

"Yayana zai kashe ka!"

"Ki ce masa ainihin sautin yana nan a Dublin. Ko a sake buga faifan yadda muka ɗauke shi, da sunan mai shi, ko ya nemi wani mai jita."

Mossie ya yi ajiyar zuciya, ya fara sauke gangunansa. "Ni dama jirgin ruwa amai yake sa ni."

Fintan ya matso kusa da ni har ina jin ɗumin numfashinsa.

"Nuala... rabin raina. Na yarda da ita ban tambaye ki ba. Ki yafe mini."

"Ban yafe ba tukuna."

"Na ji."

"Ɗauki kayanka. Gidanmu za mu."

Baba na zaune inda na bar shi. Da ya ga wanda ke bayana, ya miƙe tsaye.

"Fitar mini daga gida."

"Mista Hegarty, ba sace ta na zo yi ba. Aurenta nake nema."

"Wanda ya tafi da ɗana ma a kan kujerar nan ya zauna! Ya sha shayina, ya rantse zai kula da shi!"

Mama ta dafe bakinta.

Shekara huɗu ba a ambaci maganar a gidanmu ba. Yayana Donal ya bi wata ƙungiyar makaɗa zuwa Ingila yana ɗan shekara ashirin. Motarsu ta kife a hanyar arewa cikin hunturu. A akwati ya dawo mana.

"Baba, da gaske ka haɗa baki da Concepta?"

"Na haɗa! Gobe ma zan sake! Wasiƙa ce, ƙarya ce, ko me ne ne. Gara ki tsane ni kina raye a gabana."

Idanunsa sun kaɗa sun yi ja. 

Fintan ya yi ƙasa da murya. "In tafiyar ce matsala, na fasa. Zan nemi aiki a tasha. Zan sayar da jitar."

"Ba za ka sayar ba!" Na juya kansa. "Ka zauna saboda ni, bayan shekara biyar ka dinga kallona kana tuna abin da na hana ka? Ba na so!"

Na koma kan Baba, hawaye na zuba.

"Ba jita ce ta kashe Donal ba, Baba. Ƙanƙara ce a kan titi. Ka san abin da ka sa aka goge? Kiɗan da ya koya mini ne a matakalar nan, yana riƙe da yatsuna. Don shi na rubuta waƙar. Na so mutane su ji shi ko sau ɗaya... kai kuma ka sa an binne shi karo na biyu."



Baba ya juya ya fice ta ƙofar baya zuwa tsakar gida, ya tsaya cikin ruwan ba hula.

Na ji kamar in bi shi in janye maganata.

Mama ta riƙe hannuna. Ta je ta tura tagar kicin ta buɗe, sannan ta hau sama ta sauko da jitata.

"Kaɗa," ta ce.

"Mama..."

"Na ce ki kaɗa. Kai kuma, yaro, ga wurin jona wuta can bayan tukunyar shayi. Kada ka fasa mini kwanuka."

Yatsuna sun sandare don sanyi. Na fara, na kuskure, na sake.

A karo na biyu kiɗan ya zauna.

Na bi shi a hankali yadda aka koya mini. Da na iso inda Fintan ke shigowa, sai ya shigo can ƙasa-ƙasa, wuyan kwalbar na zamewa a kan tsirkiya, jitarsa na kuka kamar mace a bakin kabari. Tawa na rarrashi, tasa na ƙin rarrasuwa. Kofunan kabad suka ɗauki rawa.

Ban ɗaga kai ba har muka gama.

Baba na tsaye a bakin ƙofa, ruwa na ɗiga daga gashinsa.

Ya daɗe yana kallon hannuna.

"Kina sauri a tsakiya," ya ce da dasasshiyar murya. "Shi ba ya sauri a wurin."

Kuka ya ƙwace mini. Na ajiye jitar na faɗa ƙirjinsa, rigarsa sharkaf, yana bubbuga bayana da hannun nan nasa mai kaushi.

Ta saman kaina ya yi wa Fintan magana.

"Ban ce ina son ka ba."

"Na sani, Mista Hegarty."

"'Yata ba za ta hau jirgi da saurayi ba. In za ta hau, da miji za ta hau. Ka je coci ka ga Fada. Ka kuma aske wannan gashin."

"Zan ga Fada," in ji Fintan.

Mama ta tuntsire da dariya cikin hawaye.

An sake buga faifan bayan mako shida, da jitata, da sunana. Concepta ta tafi Landan ita da yayanta, ban sake sa ta a ido ba. Wata ranar Laraba aka ɗaura mana aure, Mossie ya ci kwano uku na naman alade da kabeji, gashin ango kuwa yana nan yadda yake.

Ranar tafiyarmu Baba ya raka mu tasha. Aka busa ƙahon jirgi. Sai ya damƙi kwalar Fintan ya jawo shi.

"Kowace Lahadi, ƙarfe biyu, ta kira wayar kantin kan kwana. Zan tsaya a wurin. Ranar da wayar nan ba ta yi ƙara ba, jirgin gaba zan hau in zo in karya maka yatsu goma."

Shekara tara muna yawo da jita biyu, daga Landan zuwa Hamburg, ban taɓa tsallake Lahadi ɗaya ba.

Shi kuma bai taɓa ce mini yana kewata ba. Da ya ɗauka, sai in ji numfashinsa, ya yi gyaran murya, ya ce:

"Kin ci abinci, yarinya?"